Gani Ya Kori Ji, Amma Ido Ma Ana Yaudararsa: Jawabi Ga Jama'ar Keffi Kan Zanen Alƙaluma



Hausawa sun ce gani ya kori ji. Saboda haka ne masu neman ƙuri'a da magoya bayansu suka koyi mayar da alƙaluma zane, watau taswira mai launi-launi, ko ginshiƙai dogo da gajere, ko layi mai hawa da sauka. Zane yana taimakon fahimta ƙwarai. Amma kamar yadda mai awo a kasuwa zai iya dukan gindin mudu ya tauye shi alhali bakinsa na nan yadda aka saba gani, haka mai zane zai iya ɗaukar alƙaluma na gaskiya ya shirya su yadda za su faɗi ƙarya. Zan kawo hanyoyi uku da akan bi, tare da maganin kowace.

Hanya ta farko ita ce taswira. A zaɓen shugaban ƙasa na ran 25 ga Fabrairu, 2023, Hukumar Zaɓe ta Ƙasa ta bayyana cewa a nan Jihar Nasarawa Peter Obi ya sami ƙuri'a 191,361, Bola Tinubu 172,922, Atiku Abubakar 147,093. Taswirorin da aka yi ta yaɗawa ta waya sun shafe jihar nan duka da launin jam'iyya guda, sai ka ce kowa da kowa wuri ɗaya ya dangwala. Alhali kuwa wanda ya zo na ɗaya kimanin kashi 35 daga cikin ɗari ya samu, kuma dukan su uku kowa ya haye kashi ɗaya bisa huɗu, wanda shi ne gwargwadon da tsarin mulki ke dubawa a jihohi. Launi guda ya ɓoye wannan duka.

Bugu da ƙari, taswira faɗin ƙasa take nunawa, ba ta ƙidaya mutane. Jihar Neja ta fi kowace jiha faɗi, Legas kuwa ita ce ƙarama duka, amma a 2023 Legas ce ta fi yawan masu rajista, fiye da miliyan bakwai. Daji da duwatsu ba su jefa ƙuri'a. Maganin wannan shi ne a rubuta yawan ƙuri'un kowane ɗan takara a gefen taswira, ko a dusashe launi inda tazarar ba ta da yawa.

Hanya ta biyu ita ce yanke gindin ginshiƙi. Mu sake ɗaukar alƙaluman nan namu. Tsakanin na ɗaya da na biyu ƙuri'a 18,439 ne. Idan aka zana ginshiƙai biyu daga sifiri, na farko zai ɗara na biyu da kimanin kashi ɗaya bisa goma kawai. To, a ce wani ya fara zanensa daga 170,000. Abin da zai rage wa na farko 21,361 ne, na biyu kuwa 2,922. Nan take ginshiƙi ɗaya ya ninka ɗan'uwansa sau bakwai, ba tare da an sauya ko lamba ɗaya ba. Kowace jam'iyya tana iya yin wannan dabara a inda ta yi rinjaye. Don haka kafin ka dubi kan ginshiƙi, dubi gindinsa. In ba daga sifiri ya tashi ba, tsawonsa ba abin dogara ba ne.

Hanya ta uku ta fi wuyar ganewa, ita ce sauya mudu ana tsakiyar awo. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce rashin aikin yi ya kai kashi 33.3 daga cikin ɗari a ƙarshen 2020. A watanni uku na farkon 2023 kuma ta ba da kashi 4.1. Wanda ya haɗa waɗannan biyu da layi guda zai nuna faɗuwa mai ban mamaki. Abin da ya faru shi ne Hukumar ta sake hanyar lissafi, ta kuma sanar da haka a fili. A da, wanda bai yi aikin awa ashirin a mako ba, marar aiki ne. A sabuwar hanya, wadda ta bi ƙa'idar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, aikin awa ɗaya a mako ya isa a lissafa mutum cikin masu aiki. Mudu biyu ne daban. Mai zane na ƙwarai zai katse layin a wurin, ya rubuta dalili.

To, me ya kamata ɗan ƙasa ya yi? Duk zanen da ya zo maka, ka yi masa tambaya huɗu. Wa ya tattara alƙaluman? Daga ina awon ya fara? Daga wace shekara zuwa wace? Da mudu ɗaya aka auna duka? Zanen da bai faɗi tushensa ba, kada ka tura wa kowa. Idan ka gano kuskure, kada ka tsaya zagi. Nemo ainihin alƙaluman daga hukumar da ta fitar da su, ka sake zanen daidai, ka mayar da shi inda na farko ya bi. Wannan aiki ya fi rataya a wuyan malaman makaranta, da 'yan jarida, da ɗaliban Jami'ar Jihar Nasarawa da ke nan Keffi, domin su ne idon waɗanda ba su sami karatu ba.

Jama'a, mutumin da aka nuna wa taswira cewa jiharsa duka tasa ce, ranar da sakamako ya zo dabam sai ya ce an yi masa maguɗi, kuma daga irin wannan zato fitina kan tashi. Rigakafi ya fi magani. Allah Ya ba mu zaman lafiya, Ya taimaki Nijeriya.