Zamani Ya Sauya Sana'a: Wane Shiri Muka Yi wa 'Ya'yanmu?

 

An nemi in yi tsokaci a kan sababbin na'urori da yadda suke sauya sana'o'i da zaman jama'a. Ni dai alli da allo na sani, don haka abin da idona ya gani a ƙasar nan zan faɗa.

Sa'ad da na fito daga kwalejin horon malamai aka tura ni ƙauye, kusan kowace yamma sai an zo in rubuta wa wani wasiƙa zuwa Legas ko Ibadan, amsa kuwa takan yi wata ba ta iso ba. A birane har sana'a ce, mutum ya kafa tafiretarsa a bakin gidan waya ya ci abinci. Da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, wannan sana'a ta bi ruwa. A madadinta muka sami masu cajin waya da masu gyaranta da masu POS. Ashe aiki bai ƙare ba, hannu ya sauya, ya koma wurin wanda ya iya karatu da lissafi.

Mu dubi noma, wanda shi ne ƙashin bayanmu. Yau mai rake a Maƙarfi da mai tumatir a Kudan suna jin farashin Legas kafin su yi lodi. Amma ku tuna 2012, lokacin da gwamnatin tarayya ta fara sanar da manoma rabon taki ta saƙon waya: wanda bai iya karatu ba sai ya miƙa wayarsa a karanta masa, ya dogara da amanar mai karantawa. Ku tuna farkon 2023, da sauyin takardun naira ya jawo ƙarancin kuɗi: mai asusun banki ya karɓi tiransifa, marar shi ya ba da bashi ko ya karyar da kayansa. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na shekarar, masu noman rani suka fara karkata ga injin ban ruwa mai aiki da hasken rana. Tambayata ita ce, idan ya lalace, ɗanmu ne zai gyara, ko sai mun jira wani daga Zariya ko Kano?

Abin da ya fi damuna shi ne makaranta. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya ta kwamfuta. Na san yaro haziƙi wanda ranar jarrabawa ce ranar da ya fara taɓa kwamfuta. Kafin hannunsa ya daina rawa lokaci ya yi nisa. Ba laifinsa ba ne, namu ne. Ga shi kuma tun ƙarshen 2022 an fito da manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT, masu rubuta wasiƙa da fassara cikin ƙiftawar ido. Aikin akawu da muka yi ta kwaɗaita wa yara shi ma yana girgiza. Sai dai na'urar takan yi kuskure, kuma mai ilimi ne kaɗai zai gane kuskurenta.

Saboda haka ina roƙon ƙungiya abu uku. Na farko, mu sa ido a kan firamare, kada yaro ya gama aji uku bai iya karanta Hausa da yin lissafi ba, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Na biyu, mu samar da ɗaki guda mai wutar sola da kwamfutoci a Ikara, ɗalibai maza da mata su riƙa gwaji kafin jarrabawa. Na uku, mu ɗauki nauyin matasa su koyo gyaran waya da haɗa sola, da sharaɗin su dawo gida su koyar da na baya.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. 'Yan'uwa da ke Kaduna da Abuja, a tuna da gida. Allah Ya albarkaci zuriyarmu, Ya ba mu damina mai albarka, Ya mai da kowa gidansa lafiya.