Jawabin Bikin Fara Jigilar Fasinjoji a Layin Ja na Legas



An taru a yau domin shaida fara jigilar fasinjoji a Layin Ja, wato jirgin ƙasan kusa-kusa da ke kwaso ma'aikata da 'yan kasuwa daga unguwannin bayan gari zuwa cikin birni da safe, ya kuma mayar da su da yamma, saɓanin jirgin dogon zango irin na Legas zuwa Ibadan. Kashin farko na layin, wanda Shugaba Bola Tinubu ya ƙaddamar ranar 29 ga Fabrairu 2024, yana da tsawon kilomita 27, ya taso daga Agbado a Jihar Ogun, ya ratsa Agege, unguwar da Hausawa suka daɗe da kafa zango a cikinta, da Ikeja da Oshodi da Yaba, ya tsaya Oyingbo.

Aikin ya zo a makare, domin tun 1983 Gwamna Lateef Jakande ya aza harsashin jirgin cikin gari, sai gwamnatin soja ta soke shi a 1985, aka bar birnin da jama'arsa ke ƙaruwa kullum a hannun motocin haya irin su molue da danfo har zuwa 2023, lokacin da Layin Shuɗi ya fara zirga-zirga tsakanin Marina da Mile 2. Ba kuma a Legas kaɗai jama'ar ke ƙaruwa ba, don tsadar haya ta tura dubban iyalai garuruwan Ogun alhali abincinsu yana cikin birni, shi ya sa tsallake iyakar jiha da layin ya yi ya fi kyan tashoshinsa muhimmanci.

Sai dai Layin Ja yana bin dogo ɗaya da jiragen Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya, abin da ya rage kuɗin gini amma yake iya taƙaita yawan sawun da za a yi a rana, kuma fasinjan da ya jira jirgi ya makara wurin aiki ba zai daɗe bai koma danfo ba.

Saboda haka ana roƙon hukumar sufuri ta LAMATA da Hukumar Jiragen Ƙasa da su daidaita lokutan tashi, su ƙara sawu, su ware kuɗin gyara, a kuma ƙarasa layin zuwa Marina kamar yadda aka tsara. Su kuma masu kasa kaya a bakin dogo, musamman a Agege da Oshodi, ana kira gare su da su ja da baya domin kare rayukansu. Allah ya kiyaye hanya.