Zafin Ɗaki Daga Rufi Yake Saukowa



An nemi in yi magana kan gyaran gida saboda zafi, damina da tsadar wuta. Ƙarfin maganata zai tafi a kan rufi, domin ta nan kuɗinmu ke zurarewa ba mu ankara ba.

A Kano, daga Maris zuwa Mayu, zafi kan haura digiri 40. Kwanon da ke kanmu kuwa yakan fi haka zafi nesa ba kusa ba, sannan ya juye shi cikin ɗaki. Sai maigida ya ruga kasuwa neman na'urar sanyaya ɗaki, alhali a Afrilun 2024 hukumar NERC ta kai kuɗin wutar 'yan rukunin Band A naira 225 kan kowane yunit. Man janareta kuwa, tun da aka cire tallafi a Mayun 2023, kun fi ni sanin labarinsa.

Maginanmu na dā ba su da wannan damuwa. Soron tubali mai kauri, da aka rufe da azara aka danne da ƙasa, a hankali yake shan zafin rana, ba ya sakinsa sai dare, lokacin da mutanen gida sun baje tabarmi a tsakar gida. Ba cewa nake kowa ya rushe gidansa ya koma soro ba. Ku dubi abin da Francis Kéré, ɗan Burkina Faso, ya yi a makarantar ƙauyensu Gando a 2001. Bai yar da kwano ba. Ɗaga shi ya yi sama, ya sa rufin bulon ƙasa mai 'yan ƙofofi a ƙarƙashinsa, iska na ratsawa tsakaninsu tana kwashe zafi. A 2022 aka ba shi kyautar Pritzker, wadda ake ɗauka babbar kyautar masu zanen gini a duniya.

Kafinta na unguwa zai iya yi maka kwatankwacin haka. A sa silin, a bar tazara mai kyau tsakaninsa da kwano, a huda mashigar iska a ɓangarori biyu, a toshe da raga saboda jemagu. Gidaje da yawa da ake ginawa yau suna da silin, amma an liƙe samansa ruf, zafi ya taru ba mafita. A shafa wa kwanon farin fenti. Wannan yayin na baƙin rufi, duk kyansa a ido, zafi ne mutum ya saya da kuɗinsa. Bangon yamma, da ranar la'asar ke duka, a yi masa rumfa ko a dasa darbejiya, amma nesa kaɗan da harsashin gini saboda saiwa.

Damina kuma daga gabas hadarinta ya fi tasowa, bangon gabas ne ke shan dukan ruwa. Kafin ruwan farko a hau sama a duba ƙusoshi, a share indararo, a yashe kwata. Masu ginin ƙasa, don Allah ku daina yaɓe shi da siminti. Danshi kan maƙale a baya, ƙasar ta ruɓe a ɓoye, wata rana filastar ta ɓamɓaro gaba ɗaya. Makuba ta fi dacewa da shi, sai dai tana son a riƙa sabunta ta.

Ƙwan lantarki ba ya buƙatar dogon bayani: LED mai wat 9 na ba da hasken tsohon ƙwai mai wat 60, kuma ba ya ɗumama ɗaki.

Da hunturu a toshe ƙasan ƙofa da gefen taga saboda ƙura da sanyi. Amma kada a kwana da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki, kada kuma a tayar da janareta a zaure ko kusa da taga. Iskar guba da ke cikin abin da suke fitarwa ba ta da wari ko launi, tana kashe mai barci.