Bikin Gari Sai Da 'Yan Gari



Kowace al'umma tana da ranar da take kiran 'ya'yanta gida. Sinawa kan cika jiragen ƙasa domin bikin sabuwar shekararsu, Indiyawa kuma kan koma ga dangi lokacin Diwali. A ƙasarmu, bikin kamun kifi na Argungu ya samo asali ne a 1934, sa'ad da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci garin domin ƙarfafa zumunci tsakanin Sakkwato da Kabi. UNESCO ta karrama bikin a 2016, alhali an yi shekaru ba a gudanar da shi ba, sai a 2020 aka farfaɗo da shi. Ashe suna kaɗai ba ya riƙe biki.

Don haka, ranar Sallah mu kawo yaranmu gida su ga hawa, mu kuma tallafa wa makaɗa da mahaya.