Mugu Mai Zuciya Biyu: Yunfa, Aljanu da Wasan Kwaikwayonmu

Laccar da aka gabatar a taron ɗalibai da marubuta 'yan asalin Sabon Birni da Isa

 

An nemi in yi magana a kan mugu a wasan kwaikwayon talabijin, irin wasannin nan masu aljanu da bokaye da mayu. Ba kowane mugu ba, mugun da yake aikata sharri alhali zuciyarsa tana ce masa bari. Na san akwai mai cewa a ransa, da abin da ake fama da shi a ƙasar Gobir wa ke ta fim? To ai shi ya sa. Mu nan ba a labari muke jin mugunta ba, kuma 'ya'yanmu daga abin da suke kallo a waya suke koyon yadda ake ɗora laifi da yadda ake sauke shi.

Ku tuno kashi ɗaya na irin waɗannan wasanni, kowanne kuka ga dama, kusan duk tafiyarsu ɗaya ce. An yi wa uwargida kishiya. Ƙawarta ta zo ta zauna a bakin gado tana zuga ta, har ta ja ta wurin boka. Ga boka a gindin dutse, ya ɗaura jan ƙyalle, ga ƙwarya da ƙaho a gabansa, hayaƙin turare ya turnuƙe, yana dariyar da ba dalili. Ya kira aljani, aljani ya amsa da muryar da aka murɗa a kwamfuta, ya gindaya sharaɗi. Amarya ta haukace. Sai a kashin ƙarshe malam ya zo ya yi ruƙiyya, aljani yana kururuwar zai fita, boka ya makance, uwargida ta zube ƙasa tana kuka tana cewa sharrin Shaiɗan ne. Kowa ya ce ya yafe, a sa waƙa, a tashi.

Ku duba yadda laifin ya yi tafiya. Uwargida ta miƙa wa ƙawa, ƙawa ta miƙa wa boka, boka ya miƙa wa aljani, shi kuwa aljani ba mai kai shi gaban alƙali. Sannan tun daga farko har asiri ya tonu ba mu ga uwargidar nan ta yi jim ko sau ɗaya ba. Ba mu ga daren da ta kasa barci ba, ba mu ga ta ɗauki ƙullin maganin ta ajiye, ta sake ɗauka ba. Kukan da ta yi a ƙarshe kukan wanda aka kama dumu-dumu ne.

Abin mamaki, addinin da waɗannan wasanni suke cewa suna yi wa hidima bai yarda da wannan miƙa-miƙa ba. Suratu Ibrahim ta nuna mana Shaiɗan da kansa ranar hisabi yana zame jikinsa, cewa kira kawai ya yi aka amsa masa. Suratul Ma'ida kuma ta kawo ɗan Annabi Adamu da ya kashe ɗan'uwansa Habilu: ransa ne ya yi ta lallashinsa har ya aikata, ya rasa yadda zai yi da gawar sai da hankaka ya nuna masa, sannan nadama ta rufe shi. Nadamar ba ta tayar da Habilu ba. Ga mugu mai zuciya biyu tun farkon duniya, kuma ba a ce aljani ne ya shige shi ba.

Ba na ɗora wa masu shirya wasanni laifin duka. A zamanin kaset, awa biyu ke gare su, ga Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano da aka kafa a 2001, ga masu kallo da suke son a faɗakar a hukunta mugu kafin a tashi. Amma tun da Arewa24 ta fara aiki a 2014, aka shiga zamanin wasanni masu dogon zango irin Daɗin Kowa da Kwana Casa'in da Labarina, marubuci ya samu fili. Wanda yake da makonni a hannunsa ba shi da hujjar tura nadama zuwa minti biyar na ƙarshe.

Maye ma da an so zai iya zama mugu mai zuciya biyu, tunda a camfinmu akwai wanda ya gaji ƙanƙarar maita bai saya ba, ga yunwar kurwa ga son 'ya'yan maƙwabta. Sai dai ina jin tsoron wannan hanya. Fim ya ƙare a allo, amma tsohuwar da yara suka fara nunawa da yatsa a unguwa ita ba ta ƙare mata ba.

Saboda haka bari in kawo mutumin da nake ganin ya fi kowane boka na fim cika wannan gurbi, kuma ɗan gida ne: Sarkin Gobir Yunfa ɗan Nafata. Na ga wasu sun gyara zama. Ku yi haƙuri, na san jikokinsa suna cikin zauren nan, kuma na san a littattafan Sakkwato ne ya zama mugun labari. A Tsibiri kuwa, can kusa da Maraɗi, sarki ne da ya tsaya kan gadon gidansu har ya mutu a kai. Wannan saɓani shi ne ma abin da ya sa ya dace.

Ga abin da ya gada. Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo, da duk ƙarfinsa, a taron idin layya na Magami ya ga Shehu Usmanu ya ƙi karɓar kyauta, ya nemi abubuwa biyar a madadinta: a bar shi ya yi kira, kada a hana kowa amsawa, a girmama mai rawani, a saki fursunoni, a sassauta wa talakawa haraji. Bawa ya amince. Bayan magajinsa Yakuba sai Nafata ya zo ya juya akalar, ya sa aka yi shela cewa ba mai wa'azi sai Shehu kaɗai, kowa ya tsaya kan addinin da ya tarar da ubansa, maza su cire rawani mata su cire lulluɓi. Yunfa ya hau gado wajen 1803, ya tarar da ƙasa ta rabu, ga jama'a a Ɗegel da ba sa jin maganar Alƙalawa. Kuma riwaya ta ce shugaban wannan jama'a, wato Shehu, malaminsa ne, har da hannunsa a samun sarautarsa.

Ku tsaya a nan. In ya bar jama'a ta ci gaba da girma, sarautar da kakanninsa suka kafa a Alƙalawa bayan sun ci Birnin Zamfara za ta narke a hannunsa. In ya murƙushe ta, ya ɗaga hannu a kan wanda ya koya masa karatu. Babu aljanin da ya rubuta masa wannan tarko.

Sai labarin da kowa ya sani. Ya aika Shehu ya zo fada, Shehu ya zo tare da ƙanensa Abdullahi da amininsa Umaru Alƙammu. Yunfa ya ɗauko bindiga ya harba, wutar ta dawo kansa ta ƙona shi, Shehu bai ko motsa ba. Masu riwayar karamomi sun ruwaito wannan a matsayin kariyar Allah, kuma ga wanda yake neman abin al'ajabi a wasansa, ga shi nan ba sai an ƙirƙiro ba. Amma da ni ne mai ɗaukar hoto, ba kan tartsatsin wuta zan tsaya ba. Zan tsaya kan hannun Yunfa kafin ya harba, da yadda ya gaida baƙonsa da ladabin almajiri alhali ya san abin da ya tanada, da fuskarsa bayan hayaƙi ya washe, yana duban hannun rigarsa da ta ƙone. Me ya ji a lokacin? Takaici ne ya rasa, ko wani sanyi ne ya ratsa shi don bai zama wanda ya kashe malaminsa ba? Ɗan wasan da zai iya nuna duka biyun a fuska ɗaya shi muke nema.

Abin da ya biyo baya ma haka yake tafiya, gaba da baya. Dakarun Yunfa suka auka wa Gimbana, garin Abdussalami almajirin Shehu, suka biyo da kamammu ta kusa da Ɗegel, mutanen Shehu suka kwance su. Yunfa ya aika cewa Shehu ya fita daga cikin jama'arsa shi da iyalinsa. Shehu ya ce ba zai rabu da su ba, sai dai su tashi tare. Riwaya ta ce sarki ya sake tunani ya nemi ya zauna, amma bakin alƙalami ya bushe. A Fabrairun 1804 aka yi hijira zuwa Gudu, a Yuni aka gwabza a Tafkin Kwatto aka kori rundunar Gobir, a ƙarshen shekarar Gobirawa suka rama a Tsuntsuwa inda mahaddata masu yawa suka kwanta. A 1808 Alƙalawa ta faɗi a hannun rundunar da Muhammadu Bello ya jagoranta, Yunfa ya mutu a cikin birninsa.

Marubuci zai so ya samo masa mafita, kuma akwai guda biyu a kusa. Ta farko karin maganar nan, ba a mugun sarki sai mugun bafade. Ta biyu Inna, 'yar gidan sarauta mai riƙe da bori a fadar Gobir. Na riga na hango yadda za a yi da ita: jan ƙyalle, hayaƙi, dariya, ta sa aljana Doguwa ta shige sarki. In aka yi haka an mayar da Inna bokan gindin dutse, alhali mace ce mai muƙami da ake shawara da ita a sha'anin ƙasa, an kuma mayar da Yunfa uwargidar ɗazu. A bar fadawa su zuga, a bar Inna ta faɗi abin da iskokinta suka ce, 'yan garaya su kaɗa. Amma a nuna sarki ya ji duka, ya ji kuma muryar malaminsa a ransa, sannan shi da kansa ya miƙa hannu ya ɗauki bindigar.

Dalilin da ya sa na nace a kan wannan ba ya ɓuya ga kowa a nan. Mun ga motar fasinja da aka ƙone da mutane a ciki kusa da Gidan Bawa a Disamban 2021. Mun ga abin da ya sami Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Bawa, a Agustan 2024, Allah ya jiƙansa da rahama. Mun kuma ji muryoyin masu riƙe da bindiga suna yawo a wayoyi, kowanne da labarin zaluncin da aka yi masa, an kore masa shanu, an kashe masa dangi. Har Bello Turji, ɗaya daga cikinsu, ya taɓa aike wa masarautar Shinkafi takardar neman sulhu. Wani abin da suke faɗa ƙila ya faru da gaske. Yaron da ya tashi yana kallon wasannin da mugu ko dai dodo ne ko kuma wanda aka yi wa asiri, idan ya ji irin wannan murya ba shi da ma'aunin da zai auna ta. Ko ya ƙaryata duka, ko ya ce ashe bawan Allah ne aka tura shi. Bai taɓa ganin mutumin da aka zalunta da gaske, yake jin ɗaci da gaske, kuma duk da haka jinin da ya zubar yana wuyansa ba.

Ga masu son ɗaukar wannan aiki, akwai wahalhalu biyu. Masu kallo ba za su yarda wani ɗan wasa ya fito a matsayin Shehu ba, kuma ina ganin suna da gaskiya. A bar shi a bayan kyamara, a ji sallamarsa kawai, ido ya zauna kan Yunfa, dama wasan nasa ne. Ta biyu, kada a rubuta shi daga littafi ɗaya. A karanta Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello da Tazyinul Waraƙati na Abdullahi, sannan a zo Sabon Birnin Ɗan Halima a zauna da dattawa, a je Isa, a tsallaka Tsibiri a ji ta bakin makaɗan fada da gidan Inna. Kufan Alƙalawa yana nan kusa da mu a bakin gulbin Rima, in hanya ta yi kyau a je a ga inda ganuwa ta bi kafin a zana fada.

Shugaban taro, na ga an miƙo mini takarda cewa lokaci ya yi, kuma na hango hannuwa a sama daga ɓangaren Gobirawa.