Kafin Ka Shiga Rami, Dubi Sama

 Yau da samarinmu masu tafiya haƙar ma'adinai nake.

A nan Gobir ba mu da ramin kwal, amma Inugu ta san shi tun 1916. Abin da ya fi wahalar da mahaƙan can ba kwal ɗin ba ne, abin da ke bisa kansu ne. Ƙasa hawa-hawa Allah ya yi ta. Wani hawan dutsen yashi ne mai kauri, yana iya riƙe kansa. Wani kuwa laka ce da ta daskare falle-falle. A bushe sai ka rantse dutse ce, amma da ta sha ruwa sai ta yi laushi, ta saki na samanta, ta ɓallo gaba ɗaya. A Inugu yashin da ke can sama ruwa ne maƙare a cikinsa, yana tsiyayowa ta kowace tsaga.

Shi ya sa tsohon mahaƙi ba ya sa diga sai ya ƙwanƙwasa rufi da sandar ƙarfe. In ƙarar ta fito tsaf, da sauƙi. In ta yi kamar ganga, rufin ya riga ya rabu da na samansa, sai a ja baya a kafa dirkoki. Kuma ba a cinye kwal duka. Ana barin ginshiƙai su ɗauki nauyi. Kwaɗayin sassaƙe ginshiƙin nan ya binne mutane da dama.

Kada wani ya ce ai nasu kwal ne, namu zinariya. A Nuwamban 2021 ramukan zinariya suka rufta a Garin Liman, yankin Ɗan Isa na jihar Maraɗi, nan maƙwabta, aƙalla mutum 18 suka rasu. Allah ya jiƙansu.

To ɗan'uwa, in ƙasa na zubo maka a wuya, in itacen tokare ya fara ƙara, in ruwa ya ɓullo inda jiya babu, fito. Bar buhun, bar digar. Kada ka haƙa rami a jikin na wani, kada ka shiga bayan an yi ruwan sama. Iyaye kuma, in yaro ya bugo waya daga daji, kafin ku tambaye shi nawa ya samu, ku tambaye shi da me aka tokare ramin.