Gyaran Akurki Kafin Hunturu Ya Kankama

Kada ku yi mamakin jin zancen kaji daga bakinmu ma'aikatan lafiya, domin inda kaza ke kwana ya shafi lafiyar yaran gida.

Da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa a watan Nuwamba, gidaje da yawa sukan kwashe kajinsu su shigar ɗakin kwana, a kife su da kwando a ƙarƙashin gado. Tausayi ne ke sa haka, da tsoron ɓarawo da muzuru, kuma ban ga laifin mai tsaron dukiyarsa ba. Sai dai kashin kaji yana ɗauke da ƙwayoyin cuta masu kawo gudawa. Yaro mai rarrafe yakan dafa ƙasa ya kai hannu baki, kuma gudawa in ta yawaita takan tauye girmansa. Ga kuma murar tsuntsaye, wadda kan kama mutum. A watan Fabrairu na 2006 aka tabbatar da ɓullarta a jihar Kaduna, kafin watan ya ƙare sai ga ta a Magarya. Ba ta jira takardar ƙetare iyaka ba.

Babbar kaza ta fi mu jure sanyi. Zafin jikinta ya kai kimanin digiri 41, namu 37 ne, ga kuma rigar gashi. A ƙasashen da dusar ƙanƙara ke zuba, irin su Kanada, kaji a akurkinsu suke kwana. Masu su sukan toshe gefen da iska ke bugowa, su bar kafa a sama. Abin da ke kayar da kaza shi ne iska mai dukanta kai tsaye cikin dare, da danshi, da warin kashin da ya taru.

Saboda haka, tun ran gini tun ran zane. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, to nan za a kafa zana ko a jera karan dawa, a liƙe tsagar bango da laka. Ƙofa ta dubi kudu ko yamma. Amma kada a rufe akurki ruf. A bar kafa kusa da rufi, sama da kan kajin, don tururi da wari su fita. In kun leƙa da safe wari ya sa muku hawaye, kajin a ciki suka kwana suna shaƙarsa. A shimfiɗa ɓuntun shinkafa ko dusar katako a ƙasa, a sauya in ya jiƙe, a gitta sanda inda za su hau.

'Yan tsaki ne ke buƙatar ɗumi. Uwarsu ta ishe su in an ba ta busasshen lungu. Wanda zai sa kaskon garwashi, ya nisanta shi da zana, kuma kada ya kai shi rufaffen ɗakin da mutane ke barci, domin iskar gawayi ba ta da wari, amma tana kisa.

Hunturu kuma shi ne lokacin annobar nan mai murɗe wuyan kaji ta share gida. Akwai rigakafinta da ake ɗigawa a ido, a nemi malamin dabbobi tun kafin sanyi ya shigo. Kazar da aka sayo a kasuwa, ko Maigatari ko Ƙonni, a ware ta mako biyu kafin ta haɗu da na gida.

Idan kaji suka fara mutuwa da yawa cikin kwana ɗaya ko biyu, kada a yanka saura don ci ko sayarwa, kada a bar yara su taɓa su. A sanar da malamin dabbobi, a binne mushen a rami mai zurfi, a wanke hannu da sabulu. Duk wanda zazzaɓi da tari suka kama bayan ya taɓa su, a kawo shi asibiti a ranar, a kuma gaya mana kaji sun mutu a gidan.